Jirgin da Ya Ratso da Auta

A unguwarsu Mai-jirgi ake ce mata, ita da ba ta mallaki ko ƙusar jirgi ba. Tsokanar maƙwabta ce ta bi ta har ta danne sunanta na yanka. Shekara ashirin da ɗoriya tana shiga jirgin sama, wata rana ma sau biyar kafin la'asar, amma ko da wasa jirgi bai taɓa ɗagawa da ita a ciki ba. Shara take yi. In fasinjoji sun sauka, ita da abokan aikinta su hau da buhunan leda da tsummoki da injin zuƙe ƙura, su gyara abin da mutane suka ɓata, su sauko da sauri don wasu su hau su sake ɓatawa.

Mijinta ne ya sama mata aikin. Dako yake yi a filin jirgin, yana loda akwatunan matafiya, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Da ya ga ciwon ba na tashi ba ne, sai ya sa aka riƙa kai shi ofis-ofis a bayan babur, yana roƙon a ɗauki matarsa ko shara ce. Aka ɗauke ta, shi kuma bai ga ƙarshen shekarar ba. Ya bar ta da yara biyu. Babban ya girma ya zama direban babbar mota, ya yi iyali a wani gari, ganinsa sai an yi sa'a. Sai Auta, wadda a lokacin ba ta wuce riƙe gefen zane ba.

Gidan da suke haya yana bayan katangar filin jirgin, ɗaki ɗaya da ɗan falo da kicin ɗin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ta saman kwanon jirage suke bi. Mutanen layin suna da wata ɗabi'a da ke ba baƙo mamaki: ana tsakiyar magana, ko da faɗa ake yi, in jirgi ya taso sai kowa ya yi shiru da baki a buɗe, ya wuce, a ɗora daga kalmar da aka tsaya. A cikin wannan ƙarar Auta ta yi rarrafe, a cikinta ta koyi barci, shi ya sa in ta kwanta ko ganga ake bugawa a kanta ba ta motsi. Uwar takan ce mata, "Ke dai ranar da za a sace ki, da katifar za a haɗa."

Mai-jirgi ba ta san taswira ba, amma ta san nisa, don nisa yana da wari kuma yana da shara. Jirgin da ya yi awa ɗaya a sama, 'yan ledojin alewa ne da kofunan takarda, ka kammala kafin gumi ya keto maka. Wanda ya kwana yana tafiya kuwa, tun daga bakin ƙofa zai gaishe ka. Warin safa, numfashin mutum ɗari uku, abincin da aka ci rabi aka tura ƙarƙashin kujera, barguna a cukuikuye, banɗaki dai ba a magana. A nan ake gane cewa tsadar tikiti ba ta saya wa mutum tarbiyya. Babban mutum da kwat da jaka zai tauna cingam ya liƙa a jikin kujera, saboda ya san akwai wata baiwar Allah da za ta zo ta kankare da farce. Takan kankare, ta yi tsaki a cikin takunkumin fuska, ta wuce kujera ta gaba.

Dokokin aikin ba su da yawa, amma ba a wasa da su. Ba a shiga da komai, ba a fita da komai, ko allura ka tsinta sai ka miƙa, kuma ana laluben kowa a ƙofa. In jirgin ratse ne, wato wanda ya sauka ya sauke wasu, ya sha mai, ya wuce da sauran fasinjoji suna zaune a ciki, to ba a yi wa fasinja magana, ba a taɓa shi, ba a tashe shi daga barci. In ya ɗaga ƙafa ka share, in bai ɗaga ba ka kewaye. Shekara da shekaru Mai-jirgi tana kewaye ƙafafun mutane har abin ya zame mata jiki. Ko a motar haya ta ga mutum ya miƙe ƙafa a hanya, ba ta iya cewa ya janye.

Auta ta gama makaranta ta zauna. Ta koyi ɗinki, ɗinki bai karɓe ta ba. Ta yi tsaron shagon magani, mai shagon ya rufe. Abin da Allah ya ba ta shi ne hannun yara: jaririn da ya gagari uwarsa, in ta ɗauka sai ya yi luf. Ta haka wata mata ta haɗa ta da wasu masu hali da ke zaune a wani babban birni can ƙetaren teku, suna neman mai reno. Uwar ba ta so ba. Ta yi kwana da kwanaki tana huce haushi a kan tukwane, amma ba ta da abin da za ta ajiye a gaban yarinyar ta ce ga wannan, zauna. Ranar tafiyar tana cikin waɗanda suka share jirgin. Ba ta san kujerar da za a ba Auta ba, sai ta bi duk kujerun baya tana goge hannayensu sau biyu-biyu, har aka tambaye ta ko lafiya.

In maƙwabta suka tambaye ta nisan garin, takan ce, "Awa goma sha ɗaya a sama. Jirginsu ne mai cika mana buhu." Su ce ai ke da kike da jirage sai ki leƙa ta ran hutu. Ta taya su dariya, ta shige ɗaki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Duk mako tana tsaye a cikin jirgin da ya fito daga garin da 'yarta take, tana naɗe bargunan da mutanen garin suka rufa, sannan ta sauko.

An yi da Auta za ta riƙa zuwa hutu duk shekara biyu. Shekara biyu ta cika, uwar ɗakinta tana da ciki, aka ce sai ta haihu. Ta haihu, aka ce sai an yaye. Aka yaye, takardun zaman Auta suka shiga sabuntawa, aka ce in ta fita kafin su fito ba lalle ta iya komawa ba. Takardu suka fito, uwar ɗaki ta sake samun ciki. Haka aka yi ta jan zare har shekara bakwai. Ba za a ce ana zaluntarta a fili ba, ana ciyar da ita, ana biyanta, tana aiko wa uwar abin da ya samu. Mutanen dai irin waɗannan ne da ba sa tuna cewa mai renon 'ya'yansu ita ma 'yar wani ce.

Sai waya. Suna ganin juna a gilashin waya, fuska bai fi tafin hannu ba, Auta a wani ɗan ɗaki kusa da kicin tana magana ƙasa-ƙasa don kada yara su farka. Kullum lafiya lau, kullum ta ci abinci, kullum sanyi ne kawai. Ita ma Mai-jirgi ba gaskiyar take faɗa ba. Ba ta taɓa gaya mata gwiwoyinta sun fara ƙin matattakala ba, har an ɗauke ta daga manyan jirage an mayar da ita kan ƙanana masu gajeriyar tafiya. Ganin waya gani ne na dole. Ba ka jin ɗumin mutum, ba ka san ko ya rame daga wuya zuwa ƙasa ba, kuma in an kashe sai ɗakin ya ƙara shiru.

Ran nan Auta ta kira ba a lokacin da ta saba ba. An yi wa mai gidan da take wa aiki canjin wuri, za su tashi gaba ɗaya zuwa wani birni can gabas, kuma da ita za a tafi. Uwar ta fara salati. Amma yarinyar ba ta gama ba.

"Umma, ki saurara. Jirgin da za mu hau ta wurinku zai ratsa. Zai sauke mutane ya sha mai. Mu ba za a bar mu mu sauka ba, amma ke ai kina shiga."

Mai-jirgi ta nemi bakin gado ta zauna.

"Kin gaya wa uwar ɗakin naki?"

"Ban gaya mata ba. Ba ta son a kawo mata maganar dangi a bakin aiki. Ke dai ki zo, Umma. Muna can baya, ni ce a bakin hanya da jaririn. Ko hannunki ne in riƙe."

"Zan zo," in ji uwar. "Ko da rarrafe ne."

Ba wadda ta faɗa a cikinsu, amma duk sun san ba za a sake samun irin wannan damar ba. Mutanen ba dawowa za su yi ba, sabon gida ne da sabon jariri da sabbin takardu, wato wani zaren ne za a fara ja daga farko. Ita kuma Mai-jirgi ta san shekarunta, ta san gwiwoyinta, ta san ba ta da wata shekara bakwai a bakin ƙofar jirgi.

Shugaban masu sharar yaro ne a kanta, sa'an ɗanta babba. Agogo suke ce masa, don ba ya iya gaisawa da mutum bai duba tsintsiyar hannunsa ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa: na sama suna danna shi, shi kuma yana danna na ƙasa. Ta same shi a ɗan ofishinsa mai warin sabulun ruwa, tsakanin katan-katan na safar hannu, ta tsaya ta ƙi zama.

"Iya, lafiya? In maganar gwiwar ce, ai na ce a bar ki a ƙananan jirage."

"Babba nake so ka mayar da ni. Rana ɗaya."

Ta gaya masa komai. Tunda take aikin ba ta taɓa roƙon kowa alfarma ba, bakinta bai saba ba, maganar sai fita take a karkace. Agogo ya duba agogo, ya duba rufi, ya shafa ƙeya.

"Iya, kin fi ni sanin doka. Jirgin nan ba daɗewa yake a ƙasa ba, namu lokacin a ciki kuma bai kai rabi ba. In fasinja ɗaya ya kai ƙara cewa mai shara ta dame shi, ni da ke duk mun tafi."

"Na sani."

"Zan sa ki a layin baya, ke da Doguwa. Ni ina gaba, kuma ranar idona ba ya gani sosai. Amma don Allah, Iya, a yi a hankali. Kar a tara mana jama'a."

Ta yi ta sa masa albarka har kunya ta kama shi, ya ce ta je kawai, aiki na jira.

Doguwa abokiyar aikinta ce tun shekarun farko, mace mai tsawo da baki, ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ita ta sa ta a gaba duk makon. "Yaya, wannan gugar da kike wa rigar shara, ango za ki tarba ne?" Don kuwa Mai-jirgi ta wanke rigar aikin ta goge, ta sake gogewa. Ta so ta kai wa 'yarta wani abu, ko ɗan turare, ko 'yan kunnenta na tun aure, amma ta san a ƙofa za a karɓe. Sai ta koma shirya magana. Ta tsara za ta sauke takunkumi, ta kira ta, ta riƙe fuskar da hannu biyu. Ta tsara ba za ta yi kuka ba, don kuka cin lokaci ne. Tana wanke-wanke tana maimaitawa, har maƙwabciya ta leƙo ta taga ta tambaya da wa take hira.

Jirgin ya sauka da hantsi. Tana tsaye a inuwar rumfa da buhunanta ta ga ya taɓa ƙasa, tayoyin suka yi hayaƙi, ya juyo a hankali kamar ba abin da ya dame shi. Masu sauka suka sauka. Aka yi ta jiran a kawo wa wani tsoho keken marasa lafiya, tana ji kamar ta je ta goyo shi da kanta. Da aka ba su hannu ta hau matattakalar baya, gwiwoyin da suka shekara suna gardama ranar ko jin su ba ta yi ba.

Warin doguwar tafiya ya tare ta. Mutane sun yi laushi a kujeru, ido jajur. Ta bi hanya tana dubawa, ko kofi ɗaya ba ta ɗauka ba. Ba ta yi nisa ba ta gan ta.

Auta barci take yi. Kanta ya karkata a jikin kujera, bakinta a ɗan buɗe, jariri kwance a ƙirjinta, hannunta ɗaya a bayansa ɗaya a ƙeyarsa, ko a barcin ba ta sake shi ba. Mai-jirgi ta tsaya cik. Abin da waya ta ɓoye shekara bakwai duk ya fito fili. Yarinyar ta rame, ƙashin wuya a waje. Ɗankwalin ya zame, ga furfura ɗaya-ɗaya a gaban goshi. Furfura, a kan Auta. Bayan hannayenta ya yi kaushi ya tsattsage irin na mai wuni cikin ruwa da sabulu, hannun uwarta sak. Kafaɗar rigar duk tumbuɗin jariri ne ya bushe.

Ta kai hannu za ta sauke takunkumi, sai ta ji an ja gefen rigarta. Wata mata ce a kujerar ƙetaren hanya, yara biyu sun kwanta a jikinta, gashi a hargitse, ido a kumbure. Ba sai an gaya mata ba, uwar ɗakin ce, ta sha ganin hotonta. Matar ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna jaririn, ta haɗa tafukan hannu alamar roƙo. Wata ma'aikaciyar jirgi ta matso ta raɗa wa Mai-jirgi cewa yaron tun tashinsu yake tsala ihu, kunne ne ke damunsa, mai renon ta kwana tana zarya da shi a tsaye, bai fi awa ɗaya da yin shiru ba. A bi layin nan a hankali, kada a kunna inji a kusa. Wani fasinja a baya ya gyaɗa kai, har da ɗaga hannu sama kamar mai addu'a.

Yatsa ɗaya. Da wani ne ya ba ta labarin, da ta ce wace irin uwa ce za a tsayar da yatsa ɗaya. Amma sabo turken wawa. Shekara ashirin duk yatsan da fasinja ya ɗaga mata tsayawa take yi, hannunta ya sauka da kansa tun zuciyarta ba ta yi shawara ba. Sannan tunani ya biyo baya, irin mai kama da hankali. In ta tada Auta, ta san 'yarta, zabura za ta yi da ihu. Yaro ya farka, jirgi ya ɗauka, matar nan ta gane an shirya abu a bayan idonta. Ita Mai-jirgi sauka za ta yi ta tafi gida, amma Auta ce za ta wuce da su baƙon gari inda ba ta san kowa ba, da fushin uwar ɗaki a kanta. Ga Agogo da iyalinsa. Ga kuma wanda ya fi duka, barcin nan kansa. Ta san barcin gajiya in ta gan shi, kuma tun Auta tana ƙarama ba ta taɓa iya tashinta ba sai ta daɗe a kanta tana jin tausayi.

Ta ce a ranta, bari in share nan kusa, barcin jariri ba ya daɗewa, yanzu zai motsa.

Ta durƙusa. Ƙarƙashin kujerar akwai kwalbar madara da ta gangara, da ƙyallaye, da burodin da aka ba Auta, ko ledar ba ta ɓare ba. Yarinyar ta cire takalma, ƙafafun sun kumbura saboda tsayuwa. Ga tabon nan a idon sawun hagu, inda salansar babur ta ƙona ta tana 'yar firamare. Mai-jirgi ta zare safar hannu ta cusa a aljihu. Ta ɗora tafinta a kan ƙafar a hankali, kamar mai taɓa ƙwai. Da ɗumi. Ta bar hannun a nan, kanta a sunkuye, duk wanda ya gani zai ce wani abu take kankarewa a kafet. Ƙafar ta ɗan motsa, sai kuma ta koma ta lafa.

Ta jawo takalman, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya kife, ta goge su da tsumma mai tsabta, ta jera su gefe da gefe, ta cusa safar kowanne a cikinsa. Ta ɗauko sabon bargo ta rufe ƙafafun, ta soke gefensa ta ƙarƙashin diddige.

Doguwa ta iso da buhu. Ta dubi mai barci, ta dubi wadda ke durƙushe, nan take ta gane. Ta sunkuyo.

"Yaya, me kike jira? Tashe ta."

"Yaron zai farka."

"To ya farka mana, ɗan gwal ne? Bari in kunna inji a kansu, in ya so a ce ni ce."

"Kar ki soma."

"Wallahi za ki yi da-na-sani."

"Bari in yi layin can in dawo. Zai motsa."

Ta yi layin can. Tana tattara kofuna, idonta na baya. Ta murza buhun leda da ƙarfi don ya yi ƙara, ta yi tarin da ba ya damunta, ta buga gwiwa a jikin kujera da gangan. Wasu fasinjoji suka harare ta. Jaririn da ya hana mutum ɗari uku runtsawa ya yi shiru abinsa, ɗan banza, kamar an biya shi. Auta kuwa 'yar bayan katangar filin jirgi ce, ƙarar leda ba ta isa ta tashe ta ba.

Agogo ya taho daga gaba. Ya ga yadda ake ciki, ya duba hannunsa, ya koma ya ƙirƙiro wani aiki a banɗakin tsakiya da an riga an wanke. Da ya sake dawowa, sababbin fasinjoji sun fara shigowa ta ƙofar gaba da jakunkunansu.

"Iya," ya ce, bai iya haɗa ido da ita ba. "An ce mu sauka."

Ta koma ta tsaya a kan 'yarta. Uwar ɗakin ta ɗago ta yi mata murmushin godiya, irin wanda ake yi wa mai shara mai hankali. Mai-jirgi ta buɗe baki a cikin takunkumi ta ce, "Auta." Ita kanta da ƙyar ta ji. Ta ƙara kallo ɗaya, ta ɗauki buhunta, Doguwa ta riƙo ta suka fita. A matattakalar ne gwiwoyin suka tuna da ita.

Daga rumfa ta ga an janye matattakala, an tura jirgin baya, ya tafi can ƙarshen titi ya tsaya, ya yi gudu ya ɗaga. Ba ta yi kuka ba, don akwai ƙaramin jirgi da ya sauka yana jiran shara, bayansa kuma da wani. Ta yi aikinta har aka tashi. Doguwa ta karɓe mata wankin banɗakuna.

Tafiyar da ta rage wa jirgin awa bakwai ce, kuma Mai-jirgi ta san abin da ke cikin awa bakwai. Ta san wani wuri a sama yaron zai farka, Auta ta buɗe ido ta tambayi na kusa saura nawa a sauka, a gaya mata ai an sauka an tashi. Ta san ba inda yarinyar za ta kai wannan labari, ba waya, ba ƙofa, sai kujera da ɗan mutane a hannu. Wannan ne ya fi ci mata rai. Ta koma gida ta zauna a bakin gado da rigar da ta sha guga, waya a cinya, ko tukunya ba ta ɗora ba. Maƙwabciya ta leƙo da fara'a tana cewa, "Mai-jirgi, ya aka ga Auta?" Ta ce, "Na gan ta." Matar ta dubi fuskarta, ta ja mata ƙofa.

Bayan magariba wayar ta yi ƙara. Ba hoto, murya kawai, da amsa-kuwwa irin ta banɗakin filin jirgi, ruwa na zuba a wani wuri.

"Umma."

"Na'am. Kun sauka lafiya?"

Auta ta fara magana da sauri, da ji ta daɗe tana tauna ta.

"Tikitin ya ce tashi bakwai na yamma, sauka tara na safe. Na san agogonku yana gaban namu, kullum da shi nake kiranki, amma wallahi ban kawo cewa tarar ta wurinku ce ba. Da yaron ya yi shiru na duba agogona, biyar. Na ce saura awa huɗu, bari in ɗan runtsa kar ki gan ni a wargaje. Kwana uku ina ɗaure kayan gidan nan ban kwanta ba, Umma. Runtsawa kawai na ce zan yi."

"Ba laifinki ba ne."

"Da na farka na ɗauka ba ki samu shiga ba. Har na ɗan ji sauƙi, na ce hana ki aka yi. Sai na motsa ƙafa na ji bargo a soke ta ƙarƙashin diddigena. Na duba takalmana." Muryar ta karye. "Ba mai cusa safa a takalmi haka sai ke."

Mai-jirgi ta dafe baki. Duk dalilan da ta jera a cikin jirgi, yaron da matar da aikin da Agogo, ta lalubo su don ta kawo, ta ji ba wanda zai iya fita daga bakinta.

"Kin gaji ne, 'yar nan. Na ga kin gaji. Ban iya ba."

"Da kin mare ni ma. Da kin ja ƙafar. Su kore ni mana, Umma, sai me?"

"Na taɓa ki," uwar ta ce. "Na riƙe ƙafarki. Na daɗe ina kallonki, har furfurarki na gani."

Don ta rarrashe ta ta faɗa, sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Can ɓangaren aka buga ƙofa, muryar mace tana kira, jariri ya soma kuka. Auta ta ja hanci, ta amsa musu da harshensu cewa tana zuwa. Sannan ta dawo kan wayar. Muryarta ta yi ƙasa, ba faɗa a ciki.

"Ke kin gan ni, Umma. Ni fa?"

Mai-jirgi tana neman abin faɗa aka sake buga ƙofar, Auta ta ce sai ta kira, ta kashe.